Sawun Taya a Lungun Hajara

Ranar wata Juma'a cikin damina, shekara biyu bayan an mayar da motoci hannun dama, Hajara mai ɗinki ta dawo daga gidan suna ta tarar da ƙofar bayan gidanta a buɗe. An ɓalle kwaɗon ɗakinta. Teburin keken ɗinkin yana nan tsaye da ƙafafunsa na ƙarfe, amma babu kan. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

Keken nan shi kaɗai mijinta ya bar mata, da shi take ci da marayu huɗu. Abakpa ta wancan lokaci ba a san sata ba. Unguwa ce ta mangwaro da famfo ɗaya, jirgin ƙasa ya wuce ya yi kuka yara su ɗaga masa hannu, matan sojoji su taho daga bariki da atamfofinsu a ka. Mutum ya shanya zanensa a waje ya tafi Zariya, ya dawo ya tarar an naɗe masa. Saboda haka kafin Hajara ta rufe baki, mazan da ke dawowa daga masallacin Juma'a sun cika ƙofar gidan.

A bayan gidan akwai wani lungu da ba ya ɓullewa, ƙasarsa jan laka. An yi ruwa tun hantsi sai wajen azahar ya ɗauke, ga sawun taya layi biyu kwance a cikin lakar, daga bakin lungu har ƙofar Hajara.

"Kura ce," in ji wani. "Taya biyu."

Sai Ɗanasabe mai facin keke, wanda rumfarsa ke gindin mangwaron bakin lungun, ya gyara murya.

"Ni dai ba na son shiga maganar mutane. Amma da ruwa ya ɗauke ina rufe rumfa zan tafi masallaci, na ga Ado mai kura ya fito daga nan da kaya lulluɓe da buhu."

Iyakar shari'ar da aka yi ke nan. Ado mutumin Zamfara ne, yana tura kurar ɗaukar kaya mai tayoyin keke. Shekara shida yana kai wa matan mutanen nan markaɗe da itace, ko allura ba a taɓa nema an rasa ba. Ya dawo wajen la'asar da kurarsa fayau yana ɗan waƙe-waƙensa, suka rufe shi da duka. Manyan mutane, da manyan riguna, turaren Juma'a bai ma bar jikinsu ba. Kofur Nuhu ya zo ya ja shi zuwa caji ofis, jini na zuba daga hancinsa.

Ado yana da yaya mace, Dije mai ƙosai, wadda ke suya kusa da famfo. Ta ba hamsin baya, ko alif ba ta sani ba, kuma duk Abakpa babu mai son haɗa baki da ita. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga lungun ta tsaya kan sawun nan ta daɗe tana kallo. Ba ta gane komai ba, amma ta san shi kaɗai ne shaidar da ba ta da baki balle ta yi ƙarya, kuma ruwa ɗaya ya isa ya share shi. Ta kwaso tsofaffin kwanon rufi da tabarmi ta rufe shi tun daga farko har ƙarshe, ta tare bakin lungun da teburin ƙosanta da itacen suya. Ta ce duk wanda ya tsallaka, mutum ko akuya, ita da shi ne.

Da safiyar Asabar ta isa caji ofis.

"Iya, an gama magana," in ji Kofur Nuhu. "Akwai shaida, akwai sawu. Litinin za a kai shi gaban alƙali."

"Wa ya gama ta? Kai?" Idan ran Dije ya ɓaci, Zamfarancinta ke dawowa. "Mi anka gani hannunai? Kun ga keken? Kun auna sawun? Ko don ba shi da kowa sai tsohuwa?"

"Iya, nan ofis ne."

"Na ɗauka kasuwa ce, na taho sayen gishiri!"

Wani dogon mutum ya leƙo daga ɗakin ciki. Saje Lawan ke nan, Bakatsine, wanda ya yi shekaru yana koyar da lissafi a firamare kafin ya sa kaki. Har lokacin da alli yake yawo a aljihu.

"Gwaggo, kin ce a auna sawu. Sawun yana nan?"

"Na rufe shi kamar abinci."

Saje ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Ya ɗauki hularsa.

Da suka ɗage kwanonin, rana ta riga ta gasa lakar, sawun ya fito raɗau. Saje ya ari tef ɗin awon Hajara ya tsuguna. Ya auna tsakanin layukan biyu a bakin lungu, ya auna a tsakiya, ya auna kusa da ƙofa.

"Kofur, tayoyin kura suna matsowa kusa da juna in sun ga dama?"

"A'a, yallaɓai. Ƙarfe ɗaya ya riƙe su."

"To dubi nan. A can tsakaninsu taƙi uku, a nan taƙi ɗaya, ga shi a gaba har sun hau juna. Wannan ba kura ba ce. Keke ne ya shiga, ya fito. Layin fita ya fi nutsewa, da kaya a kansa."

"Keke ya saci keke," in ji Dije. "Sai a sako mini ƙanena."

"Da saura, Gwaggo. Mutum ya ce ya gan shi da idonsa."

Ya ci gaba da bin sawun da yatsa. A kan layin akwai wani tambari mai kamar ƙulli, ya ɓace, ya sake fitowa a gaba, ya sake fitowa. Tayar baya ta tsage ne an naɗe ta da roba, kamar yadda ake yi in babu halin sabuwa, duk juyi ɗaya ɗaurin ya buga hatimi a laka. Saje ya auna daga ƙulli zuwa ƙulli har wuri huɗu.

"Inci tamanin da biyu, ba kaɗan. Wannan shi ne zagayen tayar. Zagayen kowace taya ya ninka faɗinta sau uku da ɗan ɗori, kashi ɗaya cikin bakwai." Ya yi rubutu da alli jikin kwanon rufi. "Faɗinta inci ashirin da shida ke nan."

"Ni ban san inci ba," in ji Dije.

"Kamar awon hula ne, Yaya Dije," in ji Hajara, wadda tun jiya ba ta iya haɗa ido da ita ba. "In kin zagaya kai da zare, kin san girman kan ko mai shi ba ya nan."

Saje ya sa aka turo kurar Ado daga caji ofis. Ya shafa alli a taya ɗaya ya gangara ta kan dakali. Daga fari zuwa fari, inci tamanin da takwas. Tayar manyan kekunan maza ce, mai inci ashirin da takwas.

Ya juya ga Hajara. "Yaushe kika bar gida?"

"Ruwa na ɗaukewa. Ina sa kwaɗo rediyon maƙwabta na cewa ƙarfe ɗaya."

"Keken na nan lokacin?"

"Na rufe shi da zane da hannuna."

Daga nan Saje ya koma ya sa aka fito da Ado. Idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe, yana dafe da haƙarƙari.

"Ina ka je jiya?"

"Kawo, yallaɓai. Buhun masara ukku na kai ma Kulu mai tuwo, cikin tasha."

"Yaushe ka tashi?"

"Ana tsakar ruwa."

"Wa ya gan ka?"

"Wa ka fitowa cikin ruwa, yallaɓai? Sai irinmu."

Tashar Kawo a lokacin fili ce da rumfunan zana, 'yan kamasho na kiran Zariya da Kano, ƙamshin miyar kuka na tashi tun daga bakin hanya. Saje da Kofur suka tarar da Kulu na tuƙa tuwo, rediyonta rataye jikin dirkar rumfa.

"Ado? Ya zo mana, jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga kogi. Har romo na zuba masa."

"Ƙarfe nawa?"

"Ni ina na ga agogo? Yana sauke buhun farko ana fara gaishe-gaishe a rediyo. Na tuna don an gai da ƙanwata ta Mando, na ce masa ya yi shiru in ji."

Shirin gaishe-gaishen nan ƙarfe ɗaya da rabi ake fara shi, kowa ya sani.

"To ai shi ke nan, yallaɓai," in ji Kofur Nuhu. "Rabin awa tsakani. Ya ɗauke, ya ɓoye, ya sheƙo."

"Daga Abakpa zuwa nan mil nawa ne?"

"Uku."

"Mil uku cikin rabin awa. A awa ɗaya mil nawa ke nan?"

Kofur ya ɗan motsa leɓe. "Shida."

"Mil shida a awa, da buhu uku. Kana ganin za a iya?"

"Ɓarawo in ya ji tsoro, yallaɓai, babu abin da ba ya iyawa."

"Madalla. Gobe da safe ka nuna mana."

Wanda bai ga safiyar Lahadin nan ba an yi ba shi. Aka ɗora buhu uku kan kurar Ado a ƙofar Hajara, Kofur Nuhu ya kama hannayenta da kakinsa mai guga. Saje na biye a kan keke da agogo a hannu. Dije na biye a ƙasa, ta ɗaure gyale a ƙugu. Da farko Kofur har da sassarfa. Kafin a wuce bariki hula ta koma aljihu. Da aka fara hawan tudun Kawo sai kurar ta soma tura shi baya.

"Ƙara mai, Kofur!" in ji Dije. "Ka ji tsoro mana! Ai ka ce mai tsoro yana tashi sama!"

Suka isa rumfar Kulu bayan awa ɗaya da kwata, hanya kuma a bushe. Kulu ta miƙa wa Kofur ruwa a moɗa, ya shanye tas.

"In Ado ya iso nan ɗaya da rabi," in ji Saje, "ya bar Abakpa sha biyu da kwata, ko kafin haka. Hajara na ɗaki tana ɗinki a lokacin. Ba a ga Ado a lungu bayan ruwa ba."

"To wanda ya ce ya gan shi fa?" Dije ta tambaya.

"Mu fara samun keken tukuna. Mutum yana iya cewa idonsa ne ya gaza."

Dije tana da wanda take zargi: Sani mai tallan burodi a keke, wanda ke shiga kowane lungu, tayarsa ta baya kuma ɗaure take da roba. Suka tare shi bakin famfo. Ya fara rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba. Saje ya ɗora tef kan tayar.

"Ashirin da takwas. Tafi abinka."

"Ɗaurin fa?" in ji Dije.

"Rabin kekunan Kaduna ɗaure suke, Gwaggo. Girman muke nema."

Ƙananan kekuna ba su da yawa a unguwar. Maza ba sa hawansu, sun ce na mata ne, don ba su da sanda a tsakiya. Hajara ce ta tuna da Malama Asma'u, unguwar zoma ta asibiti, mai zuwa aiki kan wani koren keke. Suka same ta tana wanki. Saje ya auna: ashirin da shida. Amma tayar baya sabuwa ce ful, ko gashin robar bai goge ba.

"Malama, ina kike ranar Juma'a da azahar?"

"Ɗakin haihuwa, tun safe har magariba. Tagwaye ne, ku tambaya."

"A keke kika je?"

"A ƙasa. Tun Alhamis keken na wajen gyara. Tayar baya ce ta tsage, na gaji da ɗaurin roba, na ce a yi mata faci daga ciki. Jiya na je karɓa sai na ga sabuwa. Ya ce kyauta ce, don na karɓi haihuwar matarsa bara."

"Wa?"

"Ɗanasabe."

Dije ta yi wata dariya marar daɗi. "Ɗanasabe? Wanda ko iska ya busa maka a taya sai ka ba shi kwabo? Shi ya yi kyautar taya?"

Hadari ya riga ya rufe gabas sa'ad da suka isa gindin mangwaron, Malama Asma'u na tura kekenta, mutane na biye. Ɗanasabe na zaune kan akwakun katako, ya tsoma tub cikin kwanon ruwa yana neman huji.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Iska ko faci?"

"Tambaya. Ka ce ka ga Ado bayan ruwa?"

"Da idona."

"Ado na tudun Kawo a lokacin."

"To... wataƙila wani mai kurar ne. Duk kamarsu ɗaya."

"Kura ba ta shiga lungun ba. Keken Malama yana hannunka ranar Juma'a?"

"Yana nan jingine."

"Ba ka hau ba?"

"Gwaji dai, ranka ya daɗe. Kowane mai gyara yana gwada keke."

"Ina tsohuwar tayar?"

"Na yar."

Dije ta ce, "Ƙarya kake! Mai faci bai taɓa yar da taya ba tun da anka halicci roba."

Gaskiyarta. Mai faci ba ya yar da taya: ko ya yanka ta ya yi ɗauri, ko ya sayar wa masu takalmi, ko ya rataye ta a bishiya don a san akwai mai gyara a wurin. Saje ya ɗaga kai. Tayoyi sun fi ashirin na lilo a rassan mangwaron, rana da ruwa sun mayar da su fari-fari. Ɗaya ce kawai baƙa, ƙarama, da ɗaurin roba, jan laka ya bushe cikin ƙullin.

"Sauko da ita. Mayar da ita kan keken Malama. Aikinka ne, ba ka buƙatar taimako."

Ɗanasabe ya mayar, ya busa iska. Saje ya sa aka watsa ruwa gefen sawun, ya ɗora Kofur kan keken ya tura shi daga bakin lungu. Sabon ƙulli ya faɗa daidai kafaɗar tsohon, na biyu haka, na uku haka, har ƙofar Hajara. Ɗigon ruwan farko ya sauka a kan kwanon rufin Dije.

"Tashi daga kan akwakun nan," in ji Saje.

Ƙarƙashin tarin tsofaffin tub, naɗe cikin zanen Hajara, ga kan keken ɗinki. Ɗanasabe ya zube ƙasa. Wai babur yake son saya, sa'o'insa duk sun saya.

Saje ya yi wa jama'a bayani a tsaye cikin yayyafi, kamar yana gaban allo. Daga rumfarsa Ɗanasabe na ganin duk mai fita, ya ga Hajara ta tafi, ya ga maza sun tafi masallaci. Bai hau nasa keken ba don kowa ya san shi, ya ɗauki na Malama, wanda ba shi da sanda a tsakiya, kan keken ɗinki ya zauna daram tsakanin ƙafafunsa. Da ya ga ɗaurin ya bar tambari a laka, kuma Dije ta tsare lungun ba halin gogewa, sai ya canja taya. Ya ɗauka tambarin ne kawai zai tona shi. Bai san tazarar da ke tsakanin tambari da tambari ta riga ta faɗi girman keken ba. Ado kuwa ya zaɓe shi ne don ya ga layi biyu, kuma ya san babu mai tsaya masa.

"Yau da yamma zan sake shi, Gwaggo," in ji Saje.

"Ba ka sakin shi da yamma ya shigo kamar mara gaskiya. Gaban jama'a anka buge shi, gaban jama'a za a maido shi. Gobe da hantsi, kuma kai za ka rako shi, da kakinka."

Haka aka yi. Litinin da hantsi, lokacin da ya kamata a ce yana gaban alƙali, Ado ya shigo Abakpa, Saje Lawan a damansa, Kofur Nuhu a hagunsa. Hajara ta fito ta durƙusa a tsakiyar hanya tana kuka, ta ce ya yafe mata shirun da ta yi. Ado ya ce babu komai. Shi kullum babu komai.

Dije ba ta ce babu komai ba. Ta bi gida gida tana kiran waɗanda suka sa hannu, kowa da sunansa. Waɗansu aka ce sun tafi kasuwa, alhali ga takalmansu a zaure. Audu mai kanti ya fito yana murza hula.

"Ado, a yi haƙuri. Sharrin Shaiɗan ne."

"Shaiɗan na da takalmin zuwa Juma'a?" in ji Dije. "Ɗaga rigarka, Ado, ya ga sawun. Ko shi ma a kira Saje ya auna?"

Audu ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Na zalunce ka, Ado. Ka yafe mini."

"Da ƙarfi. Ran Juma'a ba raɗa ka yi ba."

Ya sake faɗa, har matan bakin famfo suka ji.

Mutum uku ne suka faɗi haka, cikin waɗanda suka fi goma. Ado bai ƙara kai wa kowa markaɗe a Abakpa ba. Kafin kaka ya tura kurarsa ya koma Kawo, haƙarƙarin nan kuwa har yau yana tashinsa duk damina. An sare mangwaron, an yi shaguna a lungun, Dije ta rasu, Saje Lawan ma haka. Amma cikin waɗanda suka ɓuya a ɗaka ran nan akwai masu sauran numfashi, sun kuma san kansu. Ado yana bayan tashar Kawo, gida mai shuɗiyar ƙofa, kullum bayan la'asar yana zaune a waje. Mil uku ne, kuma yanzu akwai mota.